Totuwar Hanne

Hanne ta lakato man shanu da yatsu biyu ta ɗora a tsakiyar bayan mijinta, ta murza da tafin hannu har ya narke, sannan ta zaro totuwar masarar da take soke wa a jikin bukka ta fara gogawa a hankali. Ɓawon fata fari-fari yana zubowa kan tabarma kamar dusar gero. Bubayero na zaune ya ba ƙofa baya, rigarsa a cinya, idonsa a lumshe. Rana ba ta gama fitowa ba, shanu na kuka a garke suna jiran a kwance maruƙa a yi tatsa.

Shekara ashirin da shida ke nan suna wannan aiki kowace safiya a rugarsu da ke bayan gonakin Balan, kuma babu mahalukin da ya taɓa gani, har 'ya'yan da suka haifa.

Abin ya fara fito masa tun yana saurayi, a gwiwar hannu da ta ƙafa, faci-faci masu kauri, samansu fari kamar an barbaɗa toka. In aka kankare sai a tarar da ja a ƙasa, yana tsattsafo jini ɗigo-ɗigo. Daga baya ya hau gadon baya, ya shiga cikin sumar kai. Bubayero bai taɓa kiransa ciwo ba, baƙo yake ce masa. Ya san lokacin zuwansa ya san na tafiyarsa. Da sanyi ya shigo zai sauka da kayansa duka, in zafi ya kama sai ya tattara, ya bar ɗan abin da zai riƙe masa wuri. Ya kuma lura baƙon na jin labarin ɓacin rai tun daga nesa. Shekarar da ciwon huhu ya shiga garke, da shekarar da mahaifiyarsa ta rasu, duk bai jira sanyi ba ya zo.

Neman magani kuwa an yi shi har an gaji. Ya sha sassaƙen maɗaci har harshensa ya manta ɗanɗanon zuma. Ya sha rubutu. Wani ya ce naman akuya ne, ya bar shi shekara bakwai, da ya ga akuyoyin ne kaɗai suka amfana sai ya koma ci. Wani wanzami a Kademi ya yi masa ƙaho a baya, to duk inda askar ta tsaga nan baƙon ya gina sabon ɗaki. Tun daga ranar Bubayero ya yi sallama da masu magani, ya tsaya kan abu uku da ya gwada da kansa ya ga suna yi: man shanu, da rana, da totuwar Hanne. In ya kai shanu daji ya duba babu kowa, yakan tuɓe riga ya ba rana bayansa har ta gasa shi.

Akwai wuri ɗaya, ƙasan allon kafaɗar hagu, inda hannunsa ba ya kaiwa ko ta sama ko ta ƙasa. Nan ne uwar ƙaiƙayin take. Hanne takan bar shi sai ƙarshe, kamar yadda ake barin tsoka a gefen kwano.

Yau ba ta kai wurin ba ta fara magana. Dama duk maganar da ta yi mata nauyi, bayansa take faɗa wa, don baya ba shi da idon da zai kalle ta. Ta ce kasuwa uku ke nan tana kai nono Gaya tana dawowa da shi kamar yadda ta tafi da shi. Gidajen da ta shekara ashirin tana shiga, yanzu tun daga soro ake aiko mata cewa an riga an saya. Kasuwar da ta wuce Kulu mai tuwo, wadda ba ta iya ɓoye magana, ta ja ta gefe ta faɗa mata gaskiya. Ana cewa maigidanta ya kamu da babban ciwo, kuma da hannun nan yake tatsar shanun.

Bubayero ya dubi bayan hannunsa. Daminar bana ta yi gardama, ciyawa ba ta tashi ba, tunanin inda zai kai shanu ya hana shi sukuni, baƙon kuwa ya ji labari. Karon farko ke nan da ya fito inda riga ba ta rufewa, ya zauna a bayan hannu biyu, ya kuma leƙo goshi ta ƙarƙashin malfa. Ya san inda maganar ta taso. A wani suna ne a Kademi, ya sa hannu a kwanon tuwo, mutumin da ke kusa da shi ya cire nasa hannun ya ce ya ƙoshi, alhali loma biyu ya yi.

Ya ce mata kawunsa na wajen Ajingi da wannan abu ya rayu, ya haura tamanin, kuma ranar da ya rasu yatsunsa goma cif, da su yake jan carbi.

"Kawunka ba ya sayen nono, maigida," in ji Hanne.

Ta ce Kulu ta ba ta shawara. Malamin kutare yana zama bayan ƙaramin asibitin Gaya duk ranar kasuwa. In ya duba ya ce ba shi ba ne, bakin kowa ya mutu. In ba a yi haka ba, to ta kife ƙwaryarta, don babu mai sake shan nonon rugar nan.

Bubayero ya miƙe ya zura rigarsa, ya ce ai yau ranar kasuwa ce, ta shirya, in ya gama tatsa za su tafi. Hanne ta bi bayansa da kallo, totuwa a hannu. Ba ta kai ƙasan allon kafaɗar ba.

Da hantsi suka kama hanya, ita a gaba da ƙwarya a ka, shi a baya da sanda a kafaɗa, tsakaninsu kamar taku goma, yadda suka saba. A bakin gonakin Balan suka haɗu da Barau a kan jakinsa. Barau manomi ne, a gonarsa shanun Bubayero suke kwana da rani su bar masa taki, tun zamanin iyayensu haka ake yi. Kakansa Babarbare ne, saboda haka yana da izinin da babu mai shi a ƙasar nan, wato ya tsokani Bafillace a gaban kowa a yi dariya a wuce. Ranar sunan Kademi ma, da wancan mutumin ya cire hannu, Barau ne ya jawo kwanon tsakaninsa da Bubayero, ya ce Allah ya ƙara wa mai ƙoshi ƙoshi, suka cinye tas su biyu.

"Ina zuwa haka, bawan kakana?" in ji Barau. "Ko ka zo ka biya harajin kanka?"

Bubayero ya ce ai bai san bayi sun fara hawa jaki a gaban iyayen gijinsu ba. Suka gaisa suka jera. Da Barau ya ji inda za su, sai ya ce albasar da ya ɗauko ta jira, yau sai ya ga ƙarshen wannan magana da idonsa. A hanya Bubayero yana ta motsa kafaɗar hagu a cikin riga, Barau ya tambaye shi ko ƙuma ya kwaso.

Malam Datti, malamin kutare, yana zaune ƙarƙashin wata tsamiya a bayan asibitin, gabansa ƙaramin tebur, da akwatin katuna, da gwangwanin fararen ƙwayoyi. Kekensa na jingine a jikin katanga. Masu kati suna zaune a gefe ɗaya cikin inuwa, ana kiran suna, mutum ya taso ya haɗiyi ƙwayarsa a gaban malam ya koma. Wanda ya zaɓi wurin nan bai yi tunanin mutane ba, don hanyar shiga kasuwa ta gefen tsamiyar ta bi. Duk wanda ya zauna a inuwar nan da kati a hannu, kafin azahar an san shi daga 'yan hatsi har 'yan tukwane.

Hanne ta sauke ƙwaryarta can nesa kusa da wasu mata, ta tsuguna. Bubayero ya jira aka sallami masu kati, sannan ya matsa ya yi sallama. Malam Datti mutum ne mai haƙuri, sai dai yau sauri yake, don yana da wani zaman a Ajingi kafin la'asar, ga yashi a hanya. Ya dubi hannun, ya ɗaga malfar ya dubi goshin, ya ce a tuɓe riga. Masu wucewa suka fara rage tafiya.

Da rigar ta fita, ban da faci-facin baƙo, sai ga wasu tabo biyu dogaye sun gilma ƙirjin Bubayero zuwa haƙarƙari, sun yi tudu kamar igiya. Malam bai tsaya kansu ba. Ya tsayar da shi kusa da gindin tsamiyar, ya ɗaure masa ido da ƙyalle, ya laluba akwati neman audugar da yake gwaji da ita, ya tarar ta ƙare. Sai ya zaro allura daga jikin hularsa. Ya ce duk inda ya ji an taɓa shi, ya faɗa. Bai gaya masa dalili ba, kuma ba ya gaya wa kowa, domin aiki ya koya masa cewa in mutum ya san amsar da za ta fid da shi, ita zai bayar.

A daidai nan Barau, wanda bakinsa bai taɓa sanin lokacin hutu ba, ya ɗaga murya daga inda ya ɗaure jaki.

"Malam, ka bi shi a hankali, Bafillace ne. Ranar da aka zo lambar rigakafin agana sai da ƙarti huɗu suka danne shi, yana kiran innarsa."

Ƙarya ce tsagwaronta, amma mutane suka yi dariya. Bubayero ya ji dariyar cikin duhun ƙyalle, ya ji har da muryar mata. Ya gyara tsayuwa, ya buɗa ƙafa, ya ɗaga haɓa.

Malam ya soki tabon gwiwar hannu. "Ka ji?"

"Ban ji ba."

Ya soki na baya. Ya soki na bayan hannu. Amsa ɗaya. Ya koma inda fata take lafiya lau, a damtse, ya danna har jini ya tsattsafo. Ko gashin giran Bubayero bai motsa ba.

"Nan fa?"

"Ka fara ne, malam?" in ji Bubayero.

Wasu samarin Fulani da suka tsaya kallo suka gyaɗa kai cikin jin daɗi. Malam Datti kuwa fuskarsa ta canza. Ya kwance ƙyallen, ya koma ya zauna, ya jima yana kallon mutumin. Ya ce shekararsa goma sha ɗaya a wannan aiki, kuma in don fatar ce, wannan ba ta yi masa kama da ciwon da yake dubawa ba. Amma jikin da allura ta shiga har ta fid da jini mai shi bai sani ba, ba zai iya sallamarsa ya tafi haka ba. Zai rubuta masa kati ya fara shan ƙwaya duk kasuwa, kafin babban likita ya zo daga Kano bayan Sallah ya duba da kansa. Ya jawo kati ya tambayi sunansa da na mahaifinsa.

Hanne ba ta jin abin da ake faɗa daga inda take. Wata tsohuwa mai kati ce, wadda yatsun hannunta suka gutsure, ta juyo ta ce wa ta kusa da ita, Allah sarki, ɗan Fillo ya shigo cikinsu, ai duk wanda bai ji allura ba kati ne, har sai babban likita ya zo bayan Sallah. Hanne ta yi lissafi. Bayan Sallah wata biyu ne. Wata biyu mijinta yana zaune a inuwar nan da kati a hannu, ko babban likitan ya zo ya rantse da Alƙur'ani, babu mai sake buɗe mata ƙofa.

Barau ma ya gane abin da bakinsa ya jawo. Ya taho da sauri har yana tuntuɓe, ya durƙusa gaban tebur yana cewa wallahi wasa yake yi, mutumin nan yana ji sarai, taurin kai ne irin nasu. Ya juya ya roƙi Bubayero ya faɗi gaskiya. Malam Datti bai ɗago daga rubutu ba, ya ce kowa in ya ga kati sai ya tuna ashe ya ji, kullum haka ake yi masa.

Bubayero ya riga ya fahimci ramin da ya faɗa. Amma ga samarin Fulani a tsaye, ga mutanen kasuwa, ga Babarbare. In ya ce ya ji, ya zama ya yi ƙarya ke nan da furfurarsa, kuma ya zama allura ta ci shi. Ya ɗauki rigarsa ya riƙe a hannu, ya dubi ƙasa.

"Abin da na faɗa, na faɗa," ya ce.

Sai aka ga mace ta taso daga cikin mata. Tun da aka kai Hanne ɗakin Bubayero ba ta taɓa tsayawa kusa da shi a gaban mutane ba, ba ta taɓa kiran sunansa ba, ko a hanya suka haɗu sai ta kauce kamar ba ta san shi ba. Ta zo ta durƙusa gefen tebur, ta kau da fuska, ta gaida malam. Ta roƙe shi ya ɗan ajiye alƙalami ya dubi ƙirjin mutumin nan.

"Tabon sharo ne," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Lokacin da ake zuba masa su, madubi ne a hannunsa yana gyara gashin baki. Ina wurin. A kaina aka yi. Mutumin da bulala ba ta sa ya ce uffan ba, malam, allurar hularka ce za ta sa shi?"

Malam Datti ya ajiye alƙalamin. Ya ce to ita me take so a yi, ga rana tana tafiya.

Ta ce a sake ɗaure masa ido. Da aka ɗaure, ta zare wani siririn tsinke daga bakin faifan da ke hannunta ta miƙa wa malam, ta matso ta yi masa raɗa. Ƙasan allon kafaɗar hagu, ta ce, inda hannu ba ya kaiwa. Kada ya soka. Ya ɗan ja tsinken a gefen tabon sau ɗaya tak, kamar tafiyar ƙuda, ya ɗauke hannu. Sannan kowa ya yi shiru a jira.

"Ke ya aka yi kika san wurin?" in ji malam.

Bai yi raɗa ba shi. Matan da ke kusa suka ji, suka fara ƙunshe dariya. Hanne ta ja mayafi ta rufe fuska har haɓa, amma ba ta tashi ba.

Malam ya zagaya bayan Bubayero a hankali, ya ja tsinken, ya koma gefe. Bai tambaye shi komai ba.

Da farko babu abin da ya faru. Bubayero yana tsaye ƙiƙam yana jiran allura, ya shirya mata tsaf. Allura ba ta zo ba. Abin da ya zo shi ne wurin nan da ba a kai gare shi ba da safe, wanda ya yi ta ƙorafi cikin riga tun daga Balan, yanzu an tashe shi an tafi an bar shi. Fatar kafaɗar ta yi wani ɗan motsi irin na saniya in ƙuda ya sauka mata. Ta sake yi. Gumi ya tsattsafo masa a wuya. Yatsun ƙafarsa suka shiga tona ƙasa. Ya cije leɓe, ya matse allunan kafaɗunsa suna neman haɗuwa, ya sake su. Wurin ya yi tsit, har ana jin kukan awaki daga kara, kasuwar dabbobi.

Sai ya ja taku ɗaya da baya. Ya ƙara ɗaya. Bayansa ya sami gindin tsamiya. Ya tsaya kamar mai shawara da zuciyarsa, shawarar ba ta yi tsawo ba. Ya manna kafaɗa a jikin ɓawon itacen ya shiga gogawa sama da ƙasa, sama da ƙasa, yana lanƙwasa gwiwa kamar bijimi ya sami kututture, wani dogon nishi ya kuɓuce masa wanda Hanne kaɗai ta san irinsa.

Dariya ta ɓarke har masu hatsi suka leƙo. Barau ya zauna daɓas a ƙasa yana share hawaye, shi kansa bai san ko na dariya ne ko na wani abu ba. Tsohuwar nan mai kati ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta ɗaga dungulmin hannunta ta ce shekararta goma sha biyu rabon da ta ji ƙaiƙayi a nan.

"Ka gode wa Allah, ɗan Fillo," ta ce. "Sosa abinka."

Malam Datti ya yaga katin gida biyu. Ya kwance ƙyallen, ya kama hannun Bubayero da nasa hannun, ya ɗaga shi yadda mutane za su gani, ya kankari tabon da farce, farin ɓawo ya zubo. Ya yi magana da ƙarfi fiye da yadda ake buƙata in da mutum ɗaya yake gaya wa. Ya ce wannan ba kuturta ba ce, ko ƙanwarta ba ce. A littafinsu sorayasis ake kiransa, mutanenmu kuwa sukan haɗa shi da kirci su kira su suna ɗaya. Ba a ɗaukarsa a kwano, ba a ɗaukarsa a musabaha, ba ya shiga nono. Yakan bi jini a wasu gidaje, yakan tafi ya dawo, kuma shi dai bai san maganin da ke korarsa gaba ɗaya ba. Ya tambaye shi me suke yi wa abin. Bubayero ya ce man shanu da rana. Bai ambaci na ukun ba. Malam ya ce su ci gaba, sai dai a daina sosawa har jini ya fito, ya kuma ba shi wani ɗan gwangwani na baƙin man shafawa mai warin kwalta.

Ya ɗaure akwatinsa a bayan keke, ya turo shi har bakin hanya, inda masu shiga kasuwa suka fi yawa. Nan ya tsaya ya ce ai kuwa tun safe bai sa komai a cikinsa ba, ga Ajingi da nisa, ko baiwar Allah za ta dama masa fura. Hanne ta buɗe ƙwarya ta dama masa. Malam ya sha a tsaye, a hankali, yana ɗaga ludayi sama-sama, yana gaisawa da duk wanda ya wuce. Da ya gama ya ce a ƙara masa. Bai kai ga hawa keke ba sai ga Kulu mai tuwo ta ratso mutane da babban kwanonta, tana cewa ita dama ta faɗa, mutanen garin nan ba su da aiki sai baki. Kafin a kira azahar ƙwaryar Hanne ta koma fayau.

Barau ya raka su har bakin gari yana jan jaki, albasarsa ko ɗaya bai sayar ba. A nan ya dafa ƙirji ya ce ya yi alkawari, maganar tsamiyar nan ba za ta taɓa fita daga bakinsa ba.

"Za ka faɗa," in ji Bubayero.

Barau ya yi ɗan tunani. Ya ce gaskiya zai faɗa, har jikokinsa sai sun ji. Suka yi musabaha, Barau ya riƙe hannun ya daɗe bai saki ba.

A hanyar komawa Hanne na gaba, Bubayero na baya, taku goman nan na tsakaninsu. Ƙwarya ba nauyi, amma wuyanta ya ƙi saki. Ta san abin da ta yi. Mutumin da ya tsaya wa bulala a gaban dangi biyu, yau ta sa ya goga baya a jikin itace a gaban kasuwar Gaya, kuma ta tona abin da suka shekara ashirin da shida suna rufewa a bukka. Tana jin takunsa a baya tana ƙoƙarin gane fushi a ciki, ba ta gane komai ba.

Sun wuce gonakin ƙarshe, hanya ta gangara wani kwari inda wani tsohon gawo yake tsaye shi kaɗai. Babu kowa, sai gero da ya ƙi tsawo hagu da dama. Ta ji ya yi gyaran murya. Ta tsaya, ba ta juyo ba. Can ta waiga, sai ta gan shi zaune a kan saiwar gawon, ya ba ta baya, sanda a gefe, riga a cinya.

Ta dawo ta sauke ƙwarya. Ta ɗaga faifai, ta ɗauko totuwar daga inda ta naɗe ta a tsumma tare da ɗan curin man shanu. Ya ji ƙamshin man, ya tambaye ta, ba tare da ya juyo ba, me ya sa ta ɗauko wannan abu har Gaya.

"Ban ƙarasa ba da safe," ta ce.

Ta shafa man a ƙasan allon kafaɗar hagu, inda ɓawon tsamiya ya ɗan kurje, ta jira ya narke. Sannan ta ɗora totuwar ta fara gogawa a hankali, a hankali. Kafaɗun suka sauko. Kansa ya sunkuya.

"Ka ji?" in ji Hanne.

"Ban ji ba," ya ce. "Ƙara sama kaɗan."